Tambayoyi da amsoshi kan haɗa lanƙwasar firinta don wanke hoton baƙi da fari

Duk wanda ya taɓa wanke hoton baƙi da fari a firintar tawada ya san takaicin, hoto ya yi kyau a sikirin amma da ka buga sai ya fito da duhu, ko ya ja kore, ko fuskar mutum ta dunƙule ta zama baƙi ƙirin ba a ganin komai a cikinta. Tambayoyin nan su ne waɗanda masu situdiyo da masu yin hoto don sha'awa suke yawan maimaitawa, na fara da masu sauƙi sannan na shiga masu zurfi. In sabon shiga ne kai ka bi su a jere, in kuma ka daɗe a harkar ka tsallaka inda ya dame ka.

Wai shin mece ce lanƙwasar firinta, me take yi?

Jadawali ce kawai da ke gaya wa firinta yawan tawadar da za ta zuba a kowane mataki na toka, tun daga farin takarda har zuwa baƙin ƙarshe. Hoton baƙi da fari a kwamfuta lambobi ne, in fayil ɗin mai bit 8 ne to matakai 256 ke nan, lanƙwasa ce ke cewa in ka ga lamba kaza zuba tawada kaza. Dalilin da ya sa ba a barin abin ya tafi sambal shi ne ɗigon tawada ba ya tsayawa yadda ya sauka, yana bazuwa a jikin takarda, sai ka ga inda ka ce a zuba rabi ya fito da duhun da ya wuce rabi nesa ba kusa ba, kuma kowace takarda da irin shan tawadarta.

Iri biyu ce. Akwai wadda ake ɗora wa hoton kansa a Photoshop kafin ya tafi wajen direban firinta, wato manhajar da ke tafiyar da firintar, ita gyara kuskuren direban take yi. Akwai kuma wadda ke riƙe kowace tawada ɗaya bayan ɗaya, wannan sai da manhaja ta musamman irin su QuadToneRIP. Na yi bayanin kowacce a ƙasa.

Me ya sa baƙi da fari ya fi hoto mai kala wuyar fitowa daidai? Nawa kullum sai ya ja kore ko ja-ja

Saboda ido ba ya yafe wa toka. In launin riga ya ɗan kauce a hoto mai kala babu mai lura, amma toka da ta ɗan karkata zuwa kore ko majenta nan take kowa zai gani. Firintocin da ba su da tawadar toka, kamar Epson L805 da L1800 da suka cika situdiyo, tawada shida gare su amma baƙi ɗaya ne tak a ciki, don haka tokar da kake gani haɗa ta suke yi da shuɗi da majenta da rawaya. Ɗaya daga ciki ta ɗan yi yawa, shikenan hoto ya ja kala. Akwai kuma wata matsalar a kai, tokar da aka haɗa da kaloli tana canza kama gwargwadon hasken da aka kalle ta da shi, a bakin taga ta yi kore, a ƙarƙashin ƙwan lantarki ta yi ja.

Lanƙwasa irin ta Photoshop tana gyara duhu da haske ne, ba ta cire kalar nan. Maganin jan kala a irin waɗannan firintoci furofayil ne mai kyau na takardar, wato fayil ɗin da ke gaya wa kwamfuta yadda kaloli ke fitowa a kanta, ko kuma firinta mai tawadar toka, duba tambayar kayan aiki.

Firintata tana da tsarin baƙi da fari nata na kanta, dole ne sai na haɗa lanƙwasa?

Ba dole ba ne, kuma gaskiya ina ganin kowa ya fara gwada na kamfanin tukuna. Tun 2005 da Epson ta fito da tawadar UltraChrome K3 a firintoci irin su R2400 da 4800 ta sa baƙi uku, wato baƙi da toka da toka mai haske, tare da tsarin Advanced Black and White da ake taƙaitawa ABW, kuma yana fitar da hoto mai kyau ƙwarai a kan takardun Epson. Canon ma tana da nata tsarin a manyan firintocinta na hoto.

Inda yake gazawa shi ne in ka sa takardar wani kamfani, ko kana son abin da ka gani a sikirin ya zama shi ne zai fito, ko kana son launin inuwa daban da na haske, ko ka zuba tawadar da ba ta kamfanin ba. A nan ne haɗa taka ke biyan wahalarta.

Wace firinta da wace manhaja ake buƙata?

Hanyar Photoshop kowace firinta ta yi. Hanyar riƙe tawada ɗaya-ɗaya kuwa mafi yawan mutane QuadToneRIP suke amfani da ita, ana ce mata QTR, wani mai hoto a Amurka mai suna Roy Harrington ne ya rubuta ta. Da firintocin Epson kawai take aiki, su ma ba duka ba, saboda haka ka duba jerin waɗanda take ɗauka kafin ka kashe kuɗi. Tsofaffin 3800 da 3880 da P600 da P800 duk an daɗe ana aiki da su a kanta. A Windows akwai QTRgui inda ake cike lambobi a akwatuna, a Mac kuwa fayil na rubutu ake gyarawa sannan a girka shi, amma lissafin ɗaya ne.

Akwai waɗanda suka wuce nan, suna kwashe tawadar kala gaba ɗaya su zuba toka mataki-mataki a madadinta. Piezography na Jon Cone da ke jihar Bamont a Amurka shi ya fi suna a wannan, tsarinsa na K7 toka bakwai ne daga mai haske sosai har baƙi. Paul Roark ma ya daɗe yana wallafa yadda ake tsinka tawadar kabon a haɗa irin wannan jeri da rahusa. Abin da kyau wallahi, amma ka sani firintar da ka yi wa haka ta bar aikin kala ke nan, ba shawarar da zan ba mai firinta ɗaya da yake cin abinci da hotunan biki ba ce.

Da me ake aunawa? Ba ni da kuɗin na'ura

Abin da ya fi dacewa sifektiro ne, ƴar na'urar da ake ɗorawa kan takarda ta karanta launi. Akwai i1Pro na X-Rite, akwai ColorMunki Photo da magajinsa i1Studio waɗanda suka fi sauƙin kuɗi musamman na hannu, akwai SpyderPrint na Datacolor. In manhajar da ta zo da na'urar ba ta ba ka lambobi yadda kake so, ArgyllCMS ta Graeme Gill kyauta ce kuma tana karanta na'urorin X-Rite ɗin nan, sai dai da rubuta umarni ake aiki da ita.

In babu, sikana za ta iya rage zafi. Ka kashe duk wani gyaran da take yi da kanta, ka ɗora tsanin da ka buga, wato jerin gidajen toka daga fari (0) zuwa baƙi (100), tare da wani tsani na kamfani wanda aka san darajar kowane gida nasa, irin Kodak Q-13 mai gidaje 20, ka sikana su lokaci guda sannan ka gwada wannan da wancan a Photoshop. A tsakiyar tsani tana ƙoƙari, a wajen duhu ne take rauni, gidajen 90 da 95 da 100 sau da yawa ba ta bambance su da kyau. In kuna da yawa a gari ɗaya ku haɗa kuɗi ku sayi sifektiro guda ku riƙa karɓa-karɓa, ai ba kullum ake awo ba. Abin da ba na goyon baya shi ne gyara da ido kaɗai, yau ka ƙara haske gobe ka rage, takarda mai tsada tana ta tafiya kuma ba ka san inda kake ba.

Mene ne L* da Dmax da ake ta ambata?

L* ma'aunin haske ne daga 0 zuwa 100, sifili baƙi ƙirin, ɗari fari tas, kuma an tsara shi ne yadda tazarar lambobinsa za ta yi kusa da yadda idon mutum ke ganin bambanci. Babu takardar da ke kai 100, yawanci farinta yana wajen 95 zuwa 97. Babu kuma tawadar da ke kai 0.

Dmax shi ne iyakar baƙin da takardar nan da tawadar nan za su iya bayarwa, shi kuma lambarsa ƙaruwa take yi in baƙin ya ƙaru. Takarda marar sheƙi ta auduga, irin Photo Rag ta kamfanin Hahnemühle na Jamus, tana tsayawa wajen 1.6 zuwa 1.7, wato L* kamar 16 zuwa 18. Mai sheƙi irin barayita tana wuce 2.2, L* ɗinta na saukowa ƙasa da 6. Ka riƙe wannan, babu lanƙwasar da za ta ba ka baƙin da ya wuce ƙarfin takarda, aikinta ta raba tazarar da ke tsakanin fari da baƙin da kake da su yadda ya kamata. Sannan ka tabbata baƙin da ya dace ka sa, baƙin da ake ce wa MK na takarda marar sheƙi ne, PK kuma na mai sheƙi, in ka sa PK a takardar auduga baƙin zai fito a dushe ka yi ta zargin lanƙwasa a banza.

Me zan yi kafin in buga tsanin awo?

Gwajin nozul, wato ƴan ƙofofin da tawada ke fitowa ta cikinsu, kowane lokaci, ba fashi. In layi ko kaɗan ya ɓace a tawadar toka to duk awon da za ka yi ƙarya ne, za ka gina lanƙwasa a kan firinta marar lafiya, ranar da nozul ɗin ya buɗe kuma komai ya rikice. Wannan ya fi damun mu lokacin hunturu, iska a bushe ga ƙura, tawadar figimen, wato mai ƙwayoyin garin launi a cikinta, tana saurin daskarewa a bakin hed, kan da ke fesa tawadar, don haka ka riƙa rufe firinta, ka buga ko ƙaramin abu ne duk ƴan kwanaki, in ta daɗe a ajiye ka girgiza katirij a hankali don figimen yana kwantawa. Takardar auduga ma ka share fuskarta da burushi mai laushi kafin ka sa, in ba haka ba ƙura ko zare zai karɓi tawadar, daga baya ya faɗi ya bar maka farin ɗigo. Da damina kuma takarda kan sha danshi ta lanƙwashe har hed ya goge ta.

Bayan ka buga kada ka yi gaggawar aunawa. Tawada tana canza duhu yayin da take bushewa, musamman a marar sheƙi, ka bar ta ta kwana, awa 24 shi ne abin da aka saba. Ka rubuta a gefen takardar sunanta da kwanan wata da saitin da ka yi amfani da shi, yawan ɗigo a inci 1440 ne ko 2880, hed yana bugawa zuwa da dawowa ne ko zuwa kawai. In wuta ba ta tsayawa a wajenku ka jona firinta a inbata, tsanin da ya yanke a tsakiya sai dai a sake.

To yaya ake haɗa mai sauƙin, ta Photoshop?

Ka samo tsanin toka mai gidaje 21, daga 0 zuwa 100 ana tsallake biyar-biyar, yana zuwa cikin kayan QTR kuma za ka iya zana naka. Ka buga shi da saitin da za ka riƙa buga hotunanka da shi sak, ka bari ya bushe, ka auna L* na kowane gida ka rubuta. Yanzu sai lissafi, kuma ba wani mai wuya ba ne. A ce farin takardarka 96 ne, baƙinka 16, tazara 80 ke nan, ka raba ta gida 20 sai kowane mataki ya zama 4. Wato gidan 5 ya kamata ya ba da 92, gidan 10 ya ba da 88, gidan 50 ya ba da 56, haka har ƙasa.

Sai ka gwada da abin da ka auna. A ce gidan 50 ya ba ka 44 maimakon 56, ya yi duhu ke nan, sai ka duba jerin awonka ka ga wane gida ne ya ba da 56, a ce gidan 35 ne. Ma'ana in kana son tokar tsakiya ta fito daidai, 35 za ka tura wa firinta ba 50 ba. Ka buɗe Curves, ka sa shi ya nuna kason tawada daga 0 zuwa 100, a Input ka rubuta 50 a Output ka rubuta 35. Haka za ka bi sauran gidajen, ba sai duka ba, maki takwas zuwa goma sun wadatar in ka baza su da kyau kuma ka fi matsa su a wajen duhu. In lambar da kake nema ta faɗo tsakanin gida biyu sai ka ƙiyasta tsakaninsu.

Ka ajiye lanƙwasar da sunan takardar, ka ɗora ta kan tsanin ka sake bugawa ka sake aunawa, in kowane gida bai kauce fiye da 1 ba ka gama. Layin ya zama mai santsi, in ka ga yana hawa da sauka kamar haƙoran zarto to kuskuren awo kake bi, kuma zai fito maka da zane-zane a sararin sama ko a bangon da ke bayan mutum. Ka yi aiki da fayil mai bit 16, kuma a kwafi kake ɗora ta lokacin bugawa, kar ka manna ta a asalin hoton.

A QTR daga ina ake farawa? Mene ne iyakar tawada?

Ana farawa da shafin raba tawada, wanda ake bugawa a tsarin Calibration. Shi wannan shafi kowace tawada yana buga ta ita kaɗai a layinta daga kashi 5 zuwa 100, nan ne za ka ga halin kowacce tsirara ba tare da direba ya sa hannu ba. Bugun farko ka bar iyaka a 100, ka duba layin baƙi ka auna. Za ka ga duhu yana ƙaruwa yana ƙaruwa sai ya kai wani gida ya tsaya, bayan nan ƙarin tawada ba ya ƙara komai sai jiƙa takarda, a wasu takardun ma baƙin komawa baya yake yi ya ɗan yi haske. Gidan da ya daina ƙaruwa sosai, nan ne iyakarka, shi ake sawa a DEFAULT_INK_LIMIT.

Mutane suna son cusa tawada da yawa don a samu baƙi mai ƙarfi, ni kuma na fi son a ɗan ja baya kaɗan sannan a yi amfani da BOOST_K, wanda ke ƙara baƙin a can ƙarshen tsani kawai. Ta haka kana samun Dmax ɗinka ba tare da gidajen 85 da 90 da 95 sun cushe wuri ɗaya ba.

Yaya ake sanin inda toka mai haske za ta saki, baƙi ya karɓa?

Nan ne zuciyar aikin. Ka sake buga shafin raba tawada amma yanzu da iyakar da ka zaɓa a tambayar da ta gabata. Ka auna gidan ƙarshe na layin LK, wato tokar tsakiya, sannan ka koma layin baƙi ka nemo gidan da duhunsa ya yi daidai da wannan. A ce ya faɗo a gidan 35, to ka gaya wa QTR cewa ƙarfin LK kashi 35 ne na baƙi, lambar da ake sawa a GRAY_VAL_2 ke nan. Haka za ka yi wa LLK, wato toka mai haske, ka gwada ta da LK sannan ka mayar da lissafin kan baƙi. Da waɗannan lambobi manhajar ke zana wa kowace tawada tudunta, mai haske ta fara ta hau ta sauka, ta tsakiya ta karɓa, baƙi ya rufe.

In ka yi kuskure a nan za ka ga wani wuri a tsanin ya yi kwance, gida biyu ko uku kusan iri ɗaya, ko kuma ya yi tsalle. Kada ka ce daidaitawar ƙarshe za ta gyara, ka dawo ka gyara lambar. Sauran saitin irin su GRAY_HIGHLIGHT da GRAY_SHADOW da GRAY_GAMMA na matsar da tsanin ne ya yi kusa da daidai tun kafin awon ƙarshe, ɗaya-ɗaya ake taɓa su, in ka canza uku lokaci guda ba za ka san wanne ya yi aiki ba. Abin da ke fitowa a ƙarshe fayil ne mai ƙarewa da .quad, cikinsa lambobi 256 ne ga kowace tawada, za ka iya buɗe shi ka kalli zanen kafin ka ɓata takarda.

Na sa lambobina a LINEARIZE amma manhajar ta ƙi karɓa, me ya faru?

LINEARIZE shi ne layin da ake zuba lambobin awon tsani don daidaitawar ƙarshe. In ta ƙi karɓa, kusan kullum dalili ɗaya ne, lambobin ba sa tafiya ta fuska ɗaya. Dole kowane gida ya fi na bayansa duhu, in gidan 95 ya ba da 17.2 gidan 100 kuma ya ba da 17.4 to tsanin ya juya, QTR ba za ta iya lissafi a kai ba. Ko dai tawada ta yi yawa, sai ka koma tambayar iyakar tawada ka rage, ko ba ta bushe ba ka auna, ko hannunka ya goce na'urar ta karanta gefen gida. Ka auna sau biyu ko uku ka ɗauki matsakaici. Kada ka ƙirƙiri lamba don kawai ta wuce.

Wani abin kuma, tsanin da za ka auna dole ya fito daga lanƙwasar da ba a riga an sa mata LINEARIZE ba, kuma ya isa firinta ba tare da wata manhaja ta canza masa lambobi a hanya ba. A Windows QTRgui ba ta taɓa su. A Mac ne ake shan wahala, domin tun CS5 Photoshop ta cire zaɓin bugawa ba tare da sarrafa kala ba, shi ya sa mutane ke bugawa ta Print-Tool wadda shi Harrington ɗin ya yi.

Tsanina ya miƙe daidai amma hoton ya fito fayau, inuwa ta buɗe fiye da na sikirin. Na ɓata ne?

Ba ka ɓata ba. Fayil ɗin da aka saba aiki da shi na tsarin tokar da ake ce wa Gray Gamma 2.2 ne, shi kuma a wajen duhu matse yake, gidan 90 a sikirin L* ɗinsa bai kai 6 ba, gidan 95 kuwa bai kai 2 ba, alhali lanƙwasar da ka daidaita tana ba kowane mataki tazara iri ɗaya. Don haka takarda za ta nuna maka abubuwan da ke cikin inuwa waɗanda sikirin ya ɓoye. Wasu haka suke so, su gyara hoton da hannu. In kana son su yi kama, ka ja fayil ɗin awonka ka jefa a QTR-Create-ICC, za ta yi maka furofayil da za ka duba hoton da shi a Photoshop kafin bugu, ko ka juya hoton zuwa gare shi. Wannan dabarar tana yi wa ABW ma aiki.

Ka duba hasken sikirin ɗinka kuma. Yawancinsu daga kanti da haske mai yawa suke zuwa, masu wanke hoto suna saukar da shi wajen 80 zuwa 120 na ma'aunin kandela, kuma hoton takarda a wuri mai haske ake duba shi, ba a ɗaki mai duhu kusa da sikirin ba.

Yawancin aikina mutane ne masu duhun fata sanye da fararen kaya, ina zan fi sa ido?

Wannan tambayar ta fi kowacce muhimmanci a wajena, don ita ce aikinmu na kullum. Dattijo baƙi cikin farar babbar riga ta shadda, hoton nan yana zaune ne a bakin tsani biyu lokaci guda, fuska a ɓangaren duhu, riga a can ƙarshen haske, kuma nan ne saitin kamfani ya fi yin sakaci. In gidajen 70 zuwa 95 suka matse, kumatu da goshi da gemu duk sai su zama abu ɗaya, mutum ya rasa kamanninsa. In kuma gidajen 0 da 5 da 10 ba su rabu ba, zanen shaddar da aikin aska da ke ƙirjin rigar sai su ɓace, ya zama farar takarda kawai. Mai hoton da ya biya kuɗi zai ce ba a fito da shi ba, kuma gaskiyarsa.

Don haka ga irin wannan aiki ina ba da shawarar tsani mai gidaje 51, wanda ke tafiya bibbiyu, domin na 21 yana tsallake abubuwa da yawa a bakin nan biyu. Ka tabbata gidan 2 ya bambanta da farin takarda a awo, gidan 98 ma ya bambanta da 100. A wajen haske LLK ce ke aikin, ɗigonta ba ya ganuwa, shi ya sa farar riga ke fitowa sumul maimakon tsakuwa-tsakuwa. Kuma kar ka faɗa tarkon haskaka fuskar mutum don ta fito, fata baƙa ta fito baƙa da duk matakan da ke cikinta, wannan aikin lanƙwasa ne ba na canza wa mutum launi ba. In hoton na dare ne ko duhu ya yi yawa a cikinsa, barayita za ta ba ka fili fiye da marar sheƙi, duba lambobin da ke tambayar Dmax.

Yaya ake sa hoto ya ja ƙasa-ƙasa irin na da, ko ya zama toka tsantsa?

Tawadar baƙi da toka ta kabon ce, kabon kuwa da kansa ƙasa-ƙasa yake ja. Saboda haka lanƙwasar da ta yi amfani da K, wato baƙi, da LK da LLK kaɗai za ta ba ka wannan launi mai daɗi, kuma ita ta fi jure shekaru don kabon ba ya saurin koɗewa. In toka tsantsa kake so sai ka ƙara ƴar LC da LM, wato shuɗi mai haske da majenta mai haske, kaɗan su kashe jan, kana duba lambobin a* da b* na sifektiro, waɗanda ke nuna jan kala, har su matso kusa da na takardar. QTR tana bari ka gauraya lanƙwasa har uku lokacin bugu, kuma ka ba haske da tsakiya da inuwa kaso daban-daban, to ka ga in ka haɗa guda mai ja da guda mai shuɗi-shuɗi ka samu duk abin da ke tsakaninsu. Ga tsofaffin hotunan iyaye da kakanni da ake kawowa a sabunta, ɗan jan nan kaɗan ya fi dacewa da su.

Lanƙwasa ɗaya za ta yi min duk takardu? Yaushe zan sake ta?

A'a, kamar awon tela ne, na wani ba ya zama wa wani daidai ko da tsayinsu ɗaya. Kowace takarda da tata, kuma in ka canza daga 1440 zuwa 2880 ko ka canza kamfanin tawada to sabuwa ake yi. Sauƙin abin shi ne ba kullum ake komawa farko ba, in takardun dangin juna ne, a ce duka auduga marar sheƙi, ka ɗauki ta ɗaya ka goge layin LINEARIZE ka buga tsani ka auna ka sa sabbin lambobi, aikin kwana ɗaya ne. Haka za ka yi da waɗanda suka zo cikin QTR ma.

Bayan haka ka riƙa buga tsani lokaci-lokaci kana gwadawa da tsohon awonka, musamman in an canza hed, ko an buɗe sabon kwalin takarda, ko firinta ta yi watanni ba ta aiki. In bambancin bai wuce 1 ba ka ƙyale ta.

Wannan ce lanƙwasar da ake yin nigatif da ita?

Hanyar ɗaya ce amma abin da ake aunawa daban. Masu wanke hoto da sinadarin filatinam ko sayanotayif suna buga nigatif a leda mai ɗaukar tawada irin Pictorico, su ɗora ta kan takardar da suka shafa wa magani su shanya a rana ko a fitilar UV. A nan ba ledar ake aunawa ba, hoton ƙarshe da ya fito bayan an wanke ya bushe shi ake aunawa, domin yadda tawada ke tare hasken UV ba shi ne yadda ido ke ganin duhunta ba. Kafin ka buga tsanin farko sai ka tsayar da lokacin shanyawa da haɗin magani, ka daina taɓa su, in ba haka ba kowane awo zai ba ka lambobi daban.